Da Ruwan Ɗan Kasuwa: Martani Kan Asalin Tufafin Da Muke Sayarwa

Kwanan baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala yana kare 'yan kasuwar tufafi daga abin da ya ɗauka tsegumi ne da aka kwaso daga Turai. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, mai shago a Kantin Kwari ba alƙali ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba, aikinsa ya saro ya sayar. Tambayar inda aka noma audugar, da wanda ya saƙa, da nawa aka biya shi, da inda aka zubar da ruwan rini, duk a ganinsa damuwar waɗanda suka ƙoshi ce. Talakan Kano araha yake nema, don ya rufa wa iyalinsa asiri ranar Sallah. Ya ƙara da cewa in ma akwai zalunci a harkar, yana can Bangladesh da Sin, tunda mu namu masaƙun sun mutu, babu sauran wanda za a zalunta. Na yarda tausayin talaka ne ya sa shi rubutun. Amma Malam ya yi kuskure, kuma kuskuren ya fi fitowa fili ga wanda ya tsaya nan kudancin Kano, tsakanin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, ya duba.

Bari in fara ba shi gaskiyarsa inda yake da ita. Ya ce takardun shaidar da kamfanonin Turai ke liƙa wa kaya, masu cewa an yi su cikin adalci, sau da yawa ado ne kawai. Haka ne. A watan Satumba na 2012 gobara ta cinye wata masana'antar ɗinki a Karachi ta Pakistan, mutum fiye da 250 suka rasu, da yawansu saboda an gitta ƙarafa a tagogi kuma ƙofofin fita a rufe suke. Makonni kaɗan kafin gobarar, masu duba aiki sun ba wannan masana'anta takardar cewa ta cika ƙa'idar kula da ma'aikata. Ya kuma yi gaskiya da ya ce kuɗin neman irin wannan takarda ya fi ƙarfin tela a Fagge, balle masaƙi a ƙauye. Ba ni da ja a nan.

Sai dai lalacewar takarda ba ta kashe tambayar da aka yi takardar dominta. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, ya kashe mutum 1,134, alhali kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, aka kuma tilasta wa ma'aikata komawa ciki. Sai da aka riƙa tono tambarin riguna daga cikin ɓaraguzai kafin a san kamfanonin da ake yi wa ɗinkin. Abin da ya kawo gyara daga baya yarjejeniya ce da kamfanoni fiye da 200 suka sa wa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ake iya ƙarar wanda ya karya ta, aka kuma wallafa sunan kowace masana'anta da aibin da aka gano a cikinta. Mai sayen kaya aka ɗora wa nauyi, domin shi ke riƙe da kuɗi. Wannan shi ne darasin, kuma bai buƙaci tambarin kowa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a maƙalar shi ne cewa wai tambayar asalin tufa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga ƙasar nan duk shekara a kan wuri miliyan 300, ya kuma bi sawunsu har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a binciken digirinsa na 1975 cewa ƙarfin wannan sana'a ba a cikin ganuwa kaɗai yake ba. Garuruwan karkara irin su Kura ne suka riƙe rinin da ake fita da shi. A duba hannayen da turkuɗi ke ratsawa kafin ya zama turkuɗi. Manomi ya noma auduga, wani ya noma baba. Mata a cikin gida su gurje, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa siraran layuka, wasu faɗinsu bai wuce na yatsa ba. A zauna a haɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya, a kai karofi a yi ta tsomawa, sannan mabuga su buge shi da shuni har ya riƙa ƙyalli. Buzun da ke Agadas bai taɓa taka Kura ba, amma turkuɗi ɗan Kura yake nema da sunansa, yana biyan ƙarin kuɗi a kansa, kuma idan aka miƙa masa kwaikwayo yana ganewa. Falken da ya kai masa ya san marinar da ta rina, attajirin da ya sa kuɗinsa ya san masaƙan da ya ba zare. Sunan gari shi ne lamuni, kuma duk wanda ya ɓata shi ya ɓata cinikin gari gaba ɗaya. Ba Bature ne ya koya mana wannan ba.

Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Wani kaso na audugar da baban da suka ciyar da masaƙun ƙarni na 19 a gonakin rinji aka noma su, da hannun bayi. Binciken Mohammed Bashir Salau a kan Fanisau ya isa shaida ga mai son ya sani. Na kawo wannan ne don akwai wasu a ɓangarena da ke tsammanin da zarar an ce kaya na gida ne, shi ke nan ya tsarkaka. Ba haka ba ne, da can ba haka ba ne, yau ma ba haka ba ne, kuma zan zo kan wannan.

Malam ya ce ɗan kasuwa bai da ikon canza komai, kasuwa ce ke juya shi. Tarihin ƙasar nan ya ƙaryata shi. Masu masaƙun Lancashire sun kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902, suna mafarkin Arewacin Najeriya zai zama gonarsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma neman auduga na cikin manyan dalilan da suka sa aka shimfiɗa dogon. Amma audugar Kano ba ta tafi Ingila yadda suka so ba, domin masaƙan gida da attajiran da ke bayansu sun fi Turawa biya. Manomi ya sayar wa wanda ya fi ba shi, abin da zai fitar waje kuwa ya zaɓi gyaɗa. Daular da ke da bindiga da jirgi ta kasa ƙwace audugar daga hannun masu saye na gida. Wanda ke yanka farashi shi ke yanke abin da za a noma da abin da za a saƙa, kuma a yau wannan mutum yana zaune ne a Kantin Kwari.

Na san amsar da za a ba ni, cewa masaƙun zamani gwamnati ce ta kashe su. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, a nan Kano kuma Gaskiya da Bagauda sun zama labarin da dattawa ke bayarwa. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi, da ƙarewar tsarin kason tufafi na duniya a farkon 2005 wanda ya buɗe wa kayan Sin ƙofa, duk sun taka rawa. Gwamnati kuma kullum da sabuwar magana. Babban Banki ya hana ba masu shigo da tufafi dala a Maris na 2019, ya janye hanin a Oktoba na 2023. Babu mai kafa masaƙa a kan doka irin wannan. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ya ɗauki samfurin atamfarmu da na rininmu a jaka ya kai Sin ya ce a buga masa irinsa da rabin kuɗi? Wa ya ce a sa masa tambarin da ba na kayan ba? Ba Basine ne ya san launin da matan Kano ke so bana ba, mu muka gaya masa. Lokacin da marina suka yi zanga-zanga a 2015 har fadar Sarkin Kano suna kuka da rinin kwaikwayo da ake shigowa da shi, kayan da suke kuka da su a kantunan 'yan'uwansu ake sayar da su.

A nan ne hujjar araha take rushewa. Malam na magana kamar ɓoye asalin kaya alheri ne ga talaka, alhali talaka shi ne farkon wanda ake cuta da shi. Attajiri ya san inda zai samu shaddar Getzner ta gaske daga Ostiriya, ya san atamfar Vlisco ta Holan da hannu ɗaya in ya taɓa, in an cuce shi ma yana da bakin da zai mayar. Wanda ya sayar da buhun shinkafarsa biyu a Kura ya shigo birni haɗa lefe shi ake miƙa wa roba a ce auduga ce, a miƙa masa jabu da tambarin asali, turmin da bai cika yadi shida ba, launin da ke zuba a wankin farko. Ya biya kuɗin da ya fi ƙimar kayan, ya kuma sha kunya a gidan surukai. Ni ban ce a daina sayar da kayan Sin ba. Akwai mai kyau a ciki, akwai kuma gidajen da ba domin shi ba da yaransu ba su sa sabon kaya ba. A sayar da shi da sunansa, a kan kuɗinsa. Addininmu ya haramta algus, ya haramta tauye awo, ya kuma ba mai saye damar mayar da kaya in an ɓoye masa aibi. Mai kantin da ya ce ba ruwansa da asalin kayansa, ta yaya zai bayyana aibin da ya ƙi ya sani?

Sai batun cewa zaluncin yana nesa da mu. Malam ya zo gadar Tamburawa a kan hanyar Zariya ya leƙa ƙasa. A wannan yanki ne kogin Challawa ke haɗuwa da kogin Kano, kuma kafin ya iso nan ya riga ya ratsa ta bayan unguwar masana'antu ta Challawa. Shekara da shekaru masu bincike daga jami'o'inmu suna auna ruwan nan suna samun guba irin ta jima da ta rini a cikinsa, musamman sinadarin kuromiyam da majemun zamani ke amfani da shi. Gaskiya ne mafi yawan dattin na fata ne, amma fata ma tufa ce: ita ce takalmi da jaka da bel, kuma ita ake lodawa zuwa Italiya da Sifen. Manoman filayen ban-ruwa na Kadawa Allah ya taimake su, nasu ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa ta kanal, bai bi ta Challawa ba. Amma masu lambu a gaɓar kogi ta wajenmu da injin ban-ruwa suke janyo abin da kogin ya kawo, su shayar da latas da alayyafo da karas, a kai birni a ci. Masunta a ciki suke kamu, shanu a ciki suke sha, matatar ruwa ta Tamburawa ma a bakin kogin take. Doka ba ta rasa ba. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idoji tun 2009 da suka shafi masana'antun tufafi da fata da takalma. Abin da ya rasa shi ne mai sayen da zai ce wa masana'anta: nuna mini inda kake tace ruwanka kafin in ba ka oda.

Ƙananan masu rinin zamani a unguwanni ma suna cikin wannan. Karofin gargajiya da baba da toka yake aiki, ko katsin da ya rage ma ana mayar da shi a gyara ramin da shi. Rinin shadda na yanzu kuwa da soda mai cin fata da sauran sinadarai ake yi, a tafasa a rabin durum, a gama a tuntsurar a kwata. A dubi hannayen samarin da ke wannan aiki. Safar hannu ta roba da takalmin ruwa ba su kai kuɗin shadda yadi biyar ba, kuma mai kantin da ke aika musu dila-dila yana iya saya musu, ya kuma sa shi cikin sharaɗin aiki. Ba ya yi ne saboda an gaya masa ba ruwansa.

Amma waɗanda maƙalar ta fi mantawa da su su ne waɗanda ba a gani. Masana'antu sun rufe, aikin bai ƙare ba, gidaje ya koma. A ƙauyukanmu da unguwannin birni akwai mata da 'yan mata masu ɗinkin hula, masu aikin hannu a wuyan riga, masu sa duwatsu a mayafi, masu ɗaurin rini. Mace ta ɗauki makonni a kan hula ɗaya, tsakanin girki da raino, wani lokaci da fitilar waya. Ba ta taɓa ganin kantin da ake sayar da ita ba, ba ta san nawa ake sayarwa ba. Dillaliya ce ke kawo zare ta karɓi aiki, ita ma daga hannun wani ta karɓo, kowane hannu kuma yana yankar nasa. Sau da yawa ba a biya sai kaya sun fita, ma'ana matalauciyar ce ke ba attajiri bashi. In an ce aiki bai yi ba, a rage mata, babu wanda za ta kai wa ƙara. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta shiga gidanta, domin ta cire masu aikin da ake biya bisa abin da suka gama, ta cire kuma duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Babu sufeton ƙwadago da zai shiga gidan aure, kuma ban ce ya shiga ba. Mutum ɗaya ne kawai zai iya sanin nawa ya isa hannunta, shi ne wanda ya ba da odar. In ya ce ba ruwansa, to babu mai ruwa ke nan a duk duniya. Haka yaran da ke shagunan teloli, waɗanda ake kira 'yan koyo shekara biyar ana ba su kuɗin abinci kawai, suna kwana a kan keke daren Sallah. Koyon sana'a gado ne mai kyau, amma yana da wa'adi, yana da yaye. In babu waɗannan, sunansa wani abu dabam.

Ana yawan cewa samarinmu sun guji saƙa don lalaci ko son birni. Wanda ya san yankin nan ya san lissafi suka yi. Saƙa sana'ar rani ce, ana yin ta ne lokacin da gona ta huta. Da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya shiga filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin zama. Saurayi na iya dashen shinkafa ko tsinkar tumatir a biya shi da yamma, ko ya zauna a masaƙa ya jefa ƙoshiya mako guda sannan ya shiga neman mai saye. Wanne zai ɗauka? Manoman tumatir su ma sun san wannan ciwo ta nasu ɓangaren. Duk wanda ya wuce Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga kwanduna jibge farashi ya faɗi, ya ga an yanka ana shanyawa a ƙasa, ya san abin da ke faruwa idan aka yi noma ba a san mai saye ba. Masaƙi haka yake, manomin auduga ma haka. Ba tallafi suke jira ba. Mai saye suke jira da zai ce tun kafin a fara: ga adadin da nake so, ga farashi, ga kafin alƙalami. Kakanninmu attajirai haka suka yi, shi ya sa sana'ar ta yi ƙarnuka.

Akwai wata shawara da ke yawo wadda zan so in taka wa burki, ko da yake daga masu goyon bayana take fitowa: wai a mayar da filayen Kadawa gonar auduga don a farfaɗo da masaƙu. Ban goyi baya ba. Audugarmu ta damina ce, a Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gwambe take, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru ta daɗe tana fitar da irin da ya dace da ruwan sama. Ruwan Tiga yana da masu haƙƙi a ƙasa, daga Wudil har fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda tuni canjin tafiyar ruwa da ciyawar kacala suka takura. Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya auduga ce ta shanye shi, bayan an karkatar da kogunan da ke zuba a cikinsa zuwa gonaki. A bar wa Kadawa shinkafarta da alkamarta. Abin da yankinmu zai ba harkar tufafi hannu ne da gwaninta.

To me nake nema daga ɗan kasuwa? Ba abin da ya fi ƙarfinsa. Duk mai kantin kirki a Kwari yana da littafin bashi, ya san wanda ya karɓi dila nawa daga Gwambe har Yamai. Mutumin da ke iya riƙe wannan lissafi yana iya buɗe wani shafi ya rubuta daga ina kowace dila ta fito, wace masana'anta, auduga ce ko roba ko gauraye, ya kuma gaya wa yaran kantinsa su faɗa wa mai saye haka. Wanda ke ba da aikin hula ko na riga ya tambayi dillaliya nawa take ba mai ɗinkin, ya aika matarsa ko ƙanwarsa ta ji daga bakin matan, ya biya ranar da aka kawo aiki. Yau da kusan kowane gida akwai waya, ana iya tura wa mace kuɗinta kai tsaye, a ba dillaliya ladanta dabam a fili. Masu ɗinkin zamani da ke tallan kayansu a Instagram da saƙi da rinin Ƙofar Mata, suna sayarwa Abuja da Landan da sunan gadon Kano, su ne suka fi cancanta a matsa wa. Wanda ya sayar da riga da sunan masaƙi, ya rubuta garin da aka saƙa ta, ya kuma iya faɗin kason da ya koma can ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Manyan masu saye kuwa nauyinsu ya fi. Ɗan siyasar da ke buga atamfa dubbai da hotonsa, attajirin da ke rabon yadi da azumi, makarantar da ke ɗinka wa ɗalibai yunifom, iyalan da ke fitar da anko, kowanne oda ɗaya tasa na iya riƙe masaƙa ko marina wata da watanni. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da hukumomin tarayya ke kashewa a kan kaya irin su yunifom da takalma ya tafi ga na gida. 'Yan kasuwa na da bakin da za su nemi a aiwatar da shi, kuma su ne za su fara cin ribarsa.

Malam zai tambaya wa zai biya duk wannan, in ba talakan da yake karewa ba. Faɗin gaskiya a kan kaya ba ya ƙara ko kwabo. Biyan mai aiki a kan lokaci ba ƙari ba ne, bashi ne da ma ake bin mai kanti. Inda ƙarin kuɗi yake, wato a ladan mai aikin hannu da tace ruwan rini, kayan masu hali ne ke ɗauke da shi: babbar riga mai aska takwas, hular da ake sayarwa dubban naira, saƙin amarya, fatar da ke tafiya Italiya. Mai sayen waɗannan ba zai fasa ba don an ƙara wa matar da ta ɗinka wani abu. Talakan da Malam ke tausayi kuma shi ne dai mijin mai ɗinkin hular, shi ne mai lambun bakin Challawa, shi ne uban yaron da soda ta cinye wa hannu. Abin da aka rage masa a kanti an riga an cire shi daga gidansa ta ƙofar baya.

Na san akwai ɗan kasuwar da zai ce in ya yi shi kaɗai, maƙwabcinsa zai karya farashi ya kwashe masu saye. Wannan tsoro na gaskiya ne, shi ya sa maganar ta wuce mutum ɗaya. Kwari tana da shugabanni da ƙungiyoyi, suna sasanta rikicin bashi, suna hukunta wanda ya ci amana, gwamnati ma tana sauraronsu in sun yi magana. Ina roƙonsu su fara da abu ɗaya da babu mai iya musun halaccinsa: a hana sayar da kaya da tambarin ƙarya a cikin kasuwar, a kuma ba duk wanda aka sayar wa jabu da sunan asali damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Malamanmu su ɗauki batun ladan masu aikin gida a wa'azin azumi, lokacin da odar Sallah ke kan ganiyarta. Kai kuma Malam, alƙalaminka yana da masu karatu a cikin 'yan kasuwa fiye da nawa. Ka zo Tamburawa ka ga kogin, ka shiga Kura ka zauna da marina da mabugan da suka rage, ka tambaye su nawa ake ba su da kuma yaushe ake biya, sannan ka sake rubutu.